Edgar F. Codd

Edgar Frank Codd (an haife shi ranar 19 ga watan Agusta, 1923, ya mutu ranar 18 ga watan Afrilu, 2003), wanda abokan aikinsa suka fi sani da Ted Codd, masanin lissafi ne kuma masanin kimiyyar kwamfuta haifaffen ƙasar Ingila, wanda ya yi mafi yawan aikinsa a kamfanin IBM na Amurka. Shi ne ya ƙirƙiro tsarin dangantaka na rumbun bayanai, wato hanyar adana bayanai a cikin jadawali mai sahu da ginshiƙai, ta yadda mai neman bayani zai faɗi abin da yake so kawai ba tare da ya san inda aka ajiye shi a cikin na'ura ba. A kan wannan tunani nasa aka gina harshen SQL da manhajojin rumbun bayanai irin su DB2 da Oracle da Ingres. Ya samu kyautar Turing a shekarar 1981.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Codd a Fortuneswell da ke tsibirin Portland a gundumar Dorset, kudancin Ingila. Shi ne auta a cikin 'ya'ya bakwai. Mahaifinsa sana'ar sarrafa fata yake yi, mahaifiyarsa kuma malamar makaranta ce. Ya yi sakandare a Poole Grammar School, daga nan ya shiga Kwalejin Exeter ta Jami'ar Oxford inda ya karanci lissafi da kimiyyar sinadarai.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki da rundunar sojan saman Birtaniya a matsayin matuƙin jirgi, a sashen da ke sintiri a gaɓar teku. Ya tuƙa jiragen Sunderland, waɗanda ke sauka su tashi a kan ruwa.

Farkon aiki a IBM

A shekarar 1948 Codd ya ƙaura zuwa Amurka, ba da jimawa ba ya kama aiki da IBM a birnin New York a matsayin mai rubuta manhajar lissafi. Na'urar da ya fara aiki a kanta ita ce SSEC, wata ƙatuwar na'urar lissafi da kamfanin ya girke a hedikwatarsa. A shekarar 1953 ya bar Amurka ya koma birnin Ottawa na ƙasar Kanada, saboda ɓacin ransa da yadda Sanata Joseph McCarthy ke farautar mutane da zargin kwaminisanci. Ya dawo Amurka a 1957, ya ci gaba da aiki da IBM, inda ya jagoranci aikin samar da hanyar da kwamfutar STRETCH za ta riƙa gudanar da manhajoji da yawa a lokaci guda.

Tsakanin 1961 da 1965 ya yi digirin digirgir a Jami'ar Michigan da ke Ann Arbor, ƙarƙashin kulawar John Holland. Bincikensa ya shafi na'urorin lissafi na nazari waɗanda ke iya haifar da kwafin kansu. Kafin shi John von Neumann ya tsara irin wannan na'ura da yanayi 29, Codd kuwa ya nuna cewa yanayi 8 sun wadatar. An buga wannan bincike a matsayin littafi mai suna Cellular Automata a shekarar 1968. A 1967 ya koma ɗakin binciken IBM da ke San Jose a jihar Kalifoniya, a can ne ya yi aikin da ya sa sunansa ya shahara.

Yadda ake adana bayanai kafin aikinsa

A shekarun 1960 manyan kamfanoni da bankuna da hukumomin gwamnati sun dogara ne da manyan kwamfutoci na tsakiya, waɗanda ake kira menfirem. Hanyoyi biyu ne suka yi fice wajen adana bayanai a cikinsu. Ta farko ita ce tsarin reshe, inda kowane bayani ke rataye a ƙarƙashin wani kamar rassan bishiya. Manhajar IMS ta IBM, wadda aka fara ginawa a 1966 domin lissafin kayayyakin shirin Apollo na zuwa duniyar wata, ita ce babban misalinsa. Ta biyu ita ce tsarin saƙa, wanda Charles Bachman ya assasa da manhajar IDS a kamfanin General Electric, daga baya kwamitin CODASYL ya mayar da shi ƙa'ida.

A duka hanyoyin biyu, mai rubuta manhaja sai ya san hanyar da za a bi daga wannan bayani zuwa wancan. Manhajarsa tana ɗauko bayani ɗaya, ta bi igiyar da ta haɗa shi da na gaba, ta ɗauko shi, har ta kai inda take nema. Matsalar ita ce, da zarar an sauya yadda aka jera bayanan a kan faifai, tsofaffin manhajoji sai su daina aiki, dole a sake rubuta su. Haka kuma tambayar da ba a yi tanadinta tun farko ba takan buƙaci sabuwar manhaja kafin a samu amsarta.

Tsarin dangantaka

A watan Agusta na 1969 Codd ya rubuta rahoto na cikin gida a IBM a kan wannan matsala. A watan Yuni na 1970 ya wallafa maƙalarsa mai taken A Relational Model of Data for Large Shared Data Banks a mujallar Communications of the ACM. Hujjarsa ita ce a raba ma'anar bayani da yadda na'ura ta ajiye shi. Mai amfani jadawali kawai zai gani. Kowane sahu yana wakiltar abu guda, kowane ginshiƙi kuma yana ɗauke da siffa guda ta wannan abu. Babu wata ɓoyayyiyar igiya da ke haɗa jadawali da jadawali, abin da ke haɗa su shi ne ƙimar da ke rubuce a cikinsu.

Alal misali, a ce wata ƙungiyar manoma tana da mambobi a Moriki da Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda. Za a yi jadawali ɗaya na mambobi, mai ginshiƙan lamba da suna da gari. Za a yi na biyu na ciniki, mai ginshiƙan lambar mamba da nau'in hatsi da yawan buhuna. Lambar mamba ita ce mabuɗin da ya haɗa su. Wanda yake son sanin buhunan geron da manoman Moriki suka sayar zai bayyana sharuɗɗansa ne kawai: gari Moriki, hatsi gero, a tara buhuna. Zaɓen hanyar da ta fi sauri wajen nemo amsar ya rage ga manhajar rumbun.

Codd ya gina tsarin a kan lissafin rukunoni da ilimin manɗiki. Ya fito da hanyoyi biyu na yin tambaya, aljabarar dangantaka da kalkulas na dangantaka, ya kuma tabbatar a 1972 cewa duk tambayar da ɗaya zai iya bayyanawa ɗayan ma zai iya. Ya tsara harshen tambaya nasa mai suna Alpha, wanda IBM bai taɓa mayar da shi haja ba, amma ya yi tasiri a kan harshen QUEL na Ingres.

Wata gudummawar tasa ita ce ƙa'idojin daidaita jadawali. Manufarsu ita ce kada a rubuta gaskiya ɗaya a wurare da yawa. Idan aka maimaita garin manomi a kowane sahun ciniki, ranar da ya tashi daga Moriki ya koma Zurmi sai an gyara sahu da dama, in aka manta da ɗaya kuma rumbun zai riƙa ba da amsa biyu masu karo da juna. Ya bayyana matakin daidaitawa na farko a 1970, na biyu da na uku a 1971, sannan a 1974 shi da Raymond Boyce suka fito da wani mataki mai tsauri wanda ake kira da sunayensu su biyu.

Codd ya kuma yi sha'awar yadda mutumin da bai san harshen kwamfuta ba zai yi wa rumbu tambaya. A tsakiyar shekarun 1970 ya yi aiki a kan wani shiri mai suna Rendezvous, wanda ke karɓar tambaya da Ingilishi na yau da kullum, idan jimlar tana da harshen damo sai ya mayar wa mai tambayar da tambaya har ma'anar ta fito fili.

Saɓani da IBM da fitowar SQL

IBM bai yi gaggawar karɓar tunanin Codd ba, domin IMS na kawo masa kuɗi masu yawa. Masu suka kuma suna ganin tsarin dangantaka ya yi kyau a takarda amma zai yi nauyi a kan na'ura. A shekarar 1974 aka yi wata shahararriyar muhawara a Ann Arbor tsakanin ɓangaren Codd da ɓangaren Bachman, wanda shi ma ya karɓi kyautar Turing a 1973.

Daga bisani IBM ya kafa aikin gwaji mai suna System R a San Jose, amma ba Codd ne ya jagorance shi ba. A cikin wannan aiki Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka tsara harshen SEQUEL a 1974, mai jimloli da suka yi kama da na Ingilishi. An taƙaita sunan ya koma SQL saboda wani kamfanin jiragen sama na Birtaniya ya riga ya mallaki sunan farko. Patricia Selinger da abokan aikinta suka samar da hanyar da manhaja ke auna tsadar kowace hanya ta zaɓi mafi sauƙi, abin da ya amsa sukar da ake yi game da nauyi. A lokaci guda Michael Stonebraker da Eugene Wong suna gina Ingres a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley.

Kamfanin Larry Ellison ya riga IBM shiga kasuwa, inda ya fitar da Oracle a 1979. IBM ya fitar da SQL/DS a 1981, ya kuma sanar da DB2 domin manyan kwamfutocinsa a 1983. SQL ya zama ƙa'idar hukumar ANSI ta Amurka a 1986, ya zama ta ISO a 1987.

Manuni a manhajojin manyan kwamfutoci

Shigar tsarin dangantaka cikin manyan kwamfutoci ta zo da wata matsala. SQL yana mayar da amsa ne a dunƙule, sahu ɗari ko miliyan a tashi ɗaya. Harsunan da bankuna da kamfanonin inshora ke rubuta manhajojinsu da su, wato COBOL da PL/I, an gina su ne su sarrafa bayani ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya haɗa waɗannan ɗabi'u biyu shi ne manuni, wanda ake rubutawa da kalmar CURSOR a cikin SQL. Tun a System R aka yi amfani da shi. Aikinsa kamar na yatsan malami ne a kan rajistar aji: sunayen duk suna kan shafi, amma yatsan yana kan ɗaya, in an gama da shi ya gangara zuwa na gaba.

Matakai huɗu ne ake bi. Da DECLARE ake ba manunin suna a haɗa shi da tambaya. Da OPEN ake sa rumbun ya fara aiwatar da tambayar. Da FETCH ake ɗauko sahu na gaba a zuba shi cikin gurabun manhajar. Da CLOSE ake rufe shi a saki abin da ya riƙe. Bayan OPEN da FETCH da CLOSE, DB2 yana mayar da lamba a gurbin SQLCODE. Sifili na nufin an yi nasara, 100 na nufin sahu sun ƙare, lamba mai alamar ragi kuma kuskure ce. Misali, -501 na fitowa idan aka nemi sahu daga manunin da ba a buɗe ba.

Da yake manuni yana mayar da mai rubuta manhaja ga tsohuwar ɗabi'ar ɗaya bayan ɗaya, rashin iya sarrafa shi na daga cikin abubuwan da ke sa aikin dare na banki ya kai safiya bai ƙare ba. Ƙa'idojin da masana suka saba bi sun haɗa da waɗannan.

Na farko, a bar wa rumbun aikin tacewa. Manhajar da ta ɗauko dukan mambobin ƙungiya sannan ta riƙa watsar da waɗanda ba 'yan Moriki ba ta yi ɗaruruwan FETCH a banza. Sanya sharaɗin a cikin WHERE ya fi, haka nan ambaton ginshiƙan da ake buƙata kaɗai.

Na biyu, a guji buɗe manuni a cikin manuni. Idan ga kowane mamba sai an buɗe wani manunin a kan jadawalin ciniki, mamba dubu goma na nufin buɗewa da rufewa sau dubu goma. Tambaya ɗaya da ta haɗa jadawalin biyu takan yi aikin da sauƙi. Idan ma sauyi iri ɗaya za a yi wa dukan sahun, umarnin UPDATE guda ya wadatar ba tare da manuni ba.

Na uku, a lura da jerantawa. Idan tambaya ta nemi a jera amsa da ORDER BY alhali babu fihirisar da ta dace, dole DB2 ya tattara dukan amsar ya jera ta a lokacin OPEN kafin sahu na farko ya fito. Idan akwai fihirisa, sahun kan fito kai tsaye.

Na huɗu, a bayyana niyya. Manunin da karatu kawai zai yi a rubuta masa FOR FETCH ONLY. Wanda zai yi gyara a rubuta masa FOR UPDATE, a yi gyaran da WHERE CURRENT OF, wato a kan sahun da manunin yake kai.

Na biyar, a kula da kulle. Rumbu yana kulle bayanin da ake aiki a kansa domin kada mutum biyu su sauya shi lokaci guda. A matakin kariya da ake taƙaitawa da CS, kullen yana bin manuni ne, yana sakin sahun da aka wuce matuƙar ba a sauya shi ba. Sahun da aka sauya kuwa yana nan a kulle har sai an tabbatar da aikin da COMMIT. Manhajar da ta gyara miliyoyin asusu ba ta yi COMMIT ba za ta tare wa wasu hanya, su yi ta jira har su faɗi da kuskuren -911, in kuma ita ta faɗi, warware abin da ta yi zai ɗauki dogon lokaci. Don haka ake yin COMMIT lokaci-lokaci. Amma COMMIT yana rufe manuni, sai fa wanda aka ayyana da WITH HOLD, shi ne ke zama a buɗe a inda ya tsaya. Ana kuma ajiye mabuɗin sahu na ƙarshe da aka kammala, domin in aikin ya katse a ci gaba daga nan.

IBM ya ci gaba da faɗaɗa manuni. Fitowa ta 7 ta DB2 a 2001 ta kawo manuni mai iya komawa baya, ta 8 a 2004 kuma ta kawo ɗauko sahu da yawa da FETCH guda, abin da ke rage yawan kai da komowa tsakanin manhaja da rumbu. Akasarin waɗannan ƙa'idoji suna komawa ne ga matsayin Codd na asali, cewa aikin da za a iya yi wa rukuni gaba ɗaya kada a yi shi ɗaya-ɗaya.

Ƙa'idoji goma sha biyu da ƙarshen aikinsa

Da tsarin dangantaka ya samu kasuwa, kamfanoni da dama suka riƙa liƙa wa tsofaffin manhajojinsu sunansa. Wannan ya sa a watan Oktoba na 1985 Codd ya wallafa ƙa'idoji a jaridar Computerworld domin tantance na gaske. Ana kiran su goma sha biyu, amma goma sha uku ne, domin ƙidayar ta fara daga sifili. Ta bakwai ta buƙaci a iya sakawa da gyarawa da gogewa a dunƙule. Ta goma sha biyu ta ce idan tsari yana da hanyar sarrafa sahu ɗaya-ɗaya, kada wannan hanya ta zama kafar tsallake dokokin ingancin bayanai.

A tsakiyar shekarun 1980 ya bar IBM, ya kafa kamfanin ba da shawara tare da Chris Date da Sharon Weinberg, wadda ta zama matarsa. Bai gamsu da SQL ba har ƙarshe. Ya soki yadda harshen ke barin sahu biyu masu kama ɗaya su zauna a jadawali guda, da yadda yake tafiyar da gurbin da babu ƙima a cikinsa. A 1979 ya faɗaɗa tsarinsa da sigar da ake kira RM/T, a 1990 kuma ya wallafa littafin The Relational Model for Database Management: Version 2. A 1993 ya fito da laƙabin OLAP domin nau'in manhajojin nazarin bayanai ta fuskoki da yawa. Wannan rubutu ya jawo masa suka bayan an gano cewa kamfanin Arbor Software, mai sayar da irin wannan manhaja, shi ya ɗauki nauyinsa.

Kyaututtuka da girmamawa

IBM ya ba shi muƙamin IBM Fellow a 1976, wanda shi ne matsayi mafi girma ga masu bincike a kamfanin. Ƙungiyar ACM ta ba shi kyautar Turing a 1981, ta kuma sanya shi cikin zaɓaɓɓun mambobinta a 1994. A shekarar 2004 sashen SIGMOD na ƙungiyar ya sauya wa kyautarsa ta ƙirƙira suna zuwa sunan Codd.

Mutuwa

Codd ya mutu sakamakon ciwon zuciya a gidansa da ke Williams Island a jihar Florida ranar 18 ga watan Afrilu, 2003, yana da shekara 79. Manhajojin da aka gina a kan tsarinsa, irin su DB2 da Oracle da SQL Server da MySQL da PostgreSQL, su ne har yau ke riƙe da kaso mai yawa na bayanan bankuna da kamfanonin sadarwa da makarantu a duniya. Tsarin dangantaka da ƙa'idojin daidaita jadawali suna cikin darussan da ɗaliban kimiyyar kwamfuta ke koya a jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha, har da na Najeriya da Nijar.